Mota Ɗaya da Surukina

Shekarun baya, lokacin da kaina bai san furfura ba, ina aikin allurar dabbobi a Tanut. Aikin yawo ne. A bi rijiya-rijiya, a tarar da makiyaya wurin shayarwa, a yi wa shanu da raƙuma allura, a yi gaba. Farkon zuwana kowane biro, wato ofishin gwamnati, da motarsa da direbansa. Sai ka ga da safe motoci sun fita daga gari a jere, ta asibiti, ta gona, ta gandun daji da tamu, duk hanya ɗaya za su bi, kowace da mutum ɗaya a gaba yana hura hanci, na baya na shaƙar hayaƙin na gaba. Babu wanda ya ga aibin haka. Mai na shigowa daga Najeriya da araha, mu kuwa muna ƙona shi kamar ba zai ƙare ba.

Sai shekarar babban farin nan ta zo, ta haɗu da rufe iyaka. Mai ya yi ɓatan dabo. Komandan, mai mulkin yankin, ya tara shugabannin biro ya ce daga yau rangadi mota ɗaya ce: duk mai aiki a daji ya jira ranar fita, a tafi tare a dawo tare. Man ma awo za a yi, iya na zuwa da dawowa, da ɗan kaɗan a jarka saboda tsautsayi. Manya suka yi ta gunaguni, wai an zubar musu da girma. Ni ma ina da nawa gunagunin, sai dai ba ya faɗuwa. Shugaban gandun daji surukina ne.

Dattijo ne Badamagare, dogo, ba ya son yawan magana, yana da wani busasshen tari da ake gane shi da shi tun daga nesa. Matata kuwa 'yarsa ce ta fari, wadda ko sunanta ba ya kamawa, balle na mijinta. Tun da aka ɗaura aure ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa shan ruwa yana kallo ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa, ya ce "Madalla" yana kallon wani wuri, mu rabu. In dole ta sa zai ambace ni, sai ya ce "mutumin dabbobin nan". Ni ɗan ƙauye ne daga wajen Falanko, a gidanmu kuma ba a wasa da wannan abu. Mahaifiyata ta sha ja mini kunne cewa komai wuya kada surukina ya ga bakina yana motsi.

Da bazara, zafi ya kai inda ya kai, aka sa mu fita zuwa rijiyoyin da ke arewa da Tenhya. Mu huɗu ne: direban biron gona, surukina, abokina malamin asibiti, sai ni. Tun kafin a tayar na yi wuf na haye baya, ƙarƙashin tamfol, wurin akwatin allurai, na bar musu gaba. Abokina ya leƙo yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ango, yau ka shiga uku," in ji shi. "Azumi za ka ɗauka har mu dawo?"

Na ce ya rufa mini asiri. Ashe bakinsa ya faɗi gaskiya. A daji babu zaure babu ɗaki, inuwa ɗaya ce, kowa a cikinta yake. In an sauke tukunya sai in ce zan je duba wata saniya. In an buɗe salkar ruwan da ke rataye jikin mota, sai in jira tsoho ya ba da baya in kurɓa a tsaye kamar ɓarawo. Abokina kan ɓoye mini dabino a aljihu, in ci a bayan mota. Shi ma tsohon na lura yana ƙirƙiro tafiya, ya ce zai je ganin wasu itatuwa, don dai ya ba ni wuri. Duk da haka kwanakin nan ban ci na ƙoshi ba, ban sha na kirki ba.

Aikin allura ma babu shi sosai, don dabbobin sun ƙare. Ko'ina ka duba mushe ne, fata ta bushe a kan ƙashi. Ranar da za mu juyo, mutanen da suka rasa dukiyarsu suka roƙi a rage musu hanya zuwa Tanut, inda ake rabon hatsi. Yawancinsu mata ne da yara da tsofaffi. Direba ya yi ta faɗa, wai nauyi shan mai yake, amma tsoho ya dube shi sau ɗaya, aka kwashe su. Da safen nan wata tsohuwa ta ba ni nono mai tsami a bayan bukka, na ga babu idon kowa, na ɗaga ƙwaryar sai da na ga gindinta.

Da hantsi muka iso wani kwari mai laushin rairayi, mota ta kafe har gindi. Aka sauko, aka shiga haƙa, ana tura faifan ƙarfe a ƙarƙashin taya. Na tuɓe takalmi na jefa cikin mota na kama haƙa da hannu. Direba ya yi gargaɗi da babbar murya.

"Ku ji da kyau! In ta kama, ba ni tsayawa sai na taka fako. Mata da yara su hau tun yanzu. Masu turi kowa ya yi ta kansa ya ɗafe. Man esansin da na ƙona a nan ba shi cikin awo."

A daidai nan nonon tsohuwa ya tashi aikinsa. Cikina ya murɗa, gumi mai sanyi ya keto mini. Abin da ya kamata in yi bai wuce in taɓa abokina in ce ina zuwa ba. Amma abokina na durƙushe kafaɗa da kafaɗa da surukina, suna danna faifai. In je gabansa in ce zan zaga? Na dubi yadda motar ta nutse, na ce wannan sai azahar. Na zari butar ƙarfe na sulale. Kuma ban tsaya kusa ba, kada a hango ni. Na haye tudu na gangara, na ga bai isa ba, na ƙara haye wani.

Ina can na ji inji ya yi kuka mai ƙarfi, ya sassauta, ya sake yi. Na ce suna dai gwadawa. Sai na ji kukan ya miƙe, ya daidaita, yana raguwa. Wallahi ban san lokacin da na ɗaure wando ba. Na hau tudu da gudu ina faɗuwa, na ga motar can ta haye, tamfol na kaɗawa. Na yi ihu, na ɗaga riga ina kaɗawa. Ta shige bayan wani tudu, ƙararta ta ɗauke.

Da farko dariya ma na yi. Na ce yanzu za su lura su juyo, abokina ya samu abin tsokana na shekara guda. Na sauko inda aka yi haƙan na zauna. Na girgiza buta, babu ko ɗigo. Ruwan da nake da shi a duniya na ƙarar da shi wurin tsarki. Ba takalmi, ba hula, ba ashana. Ina zaune maganar direba ta dawo mini, cewa man da ya ƙona ba shi cikin awo. Na yi lissafin da kowane ma'aikaci ya iya a shekarar nan: in ya juyo, sai ya sake ratsa kwarin nan, zuwa da komowa, kuma ba shi da man yin haka da mata da yara a baya. Nan dariyar ta tsaya. Tsoro ya shige ni.

An sha gaya mana cewa wanda mota ta bari ya zauna inda aka bar shi. Na sani sarai. Amma zama cikin kwarin nan kamar zama cikin tanda ne, sai na tashi na bi sawun taya. Rairayi na cin tafin ƙafata, ina gudu daga inuwar wannan ciyawa zuwa waccan. Da na haye kan fako sawun ya ɓace, don ƙasar tsakuwa ce. Can gaba na ga sawu, na yi murna na bi. Na ƙara gaba na ga wani ya ratsa shi, wani kuma ya karkata yamma. Manyan motocin kai hatsi sun bi wurin ba adadi, kowace da hanyarta. Na zaɓi wanda ya fi mini kama da sabo. Na daɗe ina binsa kafin in lura faɗin tayar ya fi na motarmu.

Na juya in koma kwarin, na rasa ta inda na fito. Tudun duk iri ɗaya ne. Rana ta tsaya a tsakiyar kai, inuwata ta shige ƙarƙashina, ban san gabas ba balle yamma.

Masifar aikina ita ce na san yadda ƙishirwa ke kisa. Na gani a jikin dabbobi ba sau ɗaya ba. Don haka duk abin da ya same ni ina gane shi. Yawu ya kafe. Harshe ya yi kauri, ya cika mini baki. Da na shafa goshina na ji shi a bushe, gumi ya daina fita, sai na ce innalillahi a zuci, don na san abin da ke biye. Na hango wata aduwa da ta kaɗe ganye, na ja jiki zuwa gindinta. Akwai mushen saniya a wurin, ita ma inuwar ta zo nema. Na kwanta nesa da ita kaɗan na lulluɓe kaina da riga. Ungulaye suka sauka a kan reshe. Na san ba don saniyar suka zo ba, ita babu sauran abin ci a jikinta.

Na yi tunanin matata. Na yi tunanin wanda zai je Falanko ya gaya wa mahaifiyata, da abin da zai ce ya kashe ni. Kuka ya zo mini, hawaye bai fito ba. Ina ta maimaita kalmar shahada kada ta kuɓuce mini.

Ban san iya lokacin da na yi a haka ba, sai na ji murya daga nesa.

"Kai! Malam! Mutumin dabbobi!"

Na ɗaga kai, ban ga kowa ba, ban kuma ji ƙarar mota ba. Tsigar jikina ta tashi. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san ba a amsa kira a dokar daji da tsakar rana. Tun muna yara ake gaya mana masu wurin, wato aljanu, kan ari muryar wanda ka sani, in ka amsa shi ke nan, sai ka bi su. Na ƙara dunƙulewa, na kama karanta duk abin da na haddace.

Muryar ta matso. Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, har da na mahaifina, da muryar surukina.

Nan na tabbatar ba mutum ba ne. Mutumin da ko a ɗaurin aure bai kama sunan nan ba, shi zai tsaya a fili yana shelarsa? Na ce lallai wannan ya iya aro, amma bai san wanda ya ara ba. Na cusa yatsu a kunne. Kiran ya zo ta dama, ya zo ta gaba, sa'an nan ya fara nisa. Ina kwance ina jin sa yana tafiya, har ina godiya ga Allah da ya kawar mini da shi.

Sai kiran ya karye a tsakiya. Tari ya biyo baya, busasshe, mai tsawo, irin wanda ke sa mutum ya dafa gwiwa. Ya lafa, aka fara sunana, tarin ya sake tsinke shi. Na cire yatsu daga kunne. Duk labaran da aka ba mu muna yara, ban taɓa jin inda aka ce tari ya sarƙe su ba.

Na yunƙura in amsa, murya ta ƙi fita. Na buɗe baki iya ƙarfina, iska kawai. Shi kuwa yana ƙara nisa. Tsoron da na ji a wannan lokacin ya fi na farko, don yanzu na san ceto ne ke wucewa, kuma ni na ƙyale shi. Na lalubi buta, ashe duk yawon nan tana hannuna. Na samu dutse na shiga buga ta, ina bugawa ina bugawa har ta lotse. Ungulayen suka tashi. Surukina ya ce mini daga baya, ta bakin abokina, tashinsu ya fara gani kafin ya ji ƙarar.

Ya ɓullo ta kan tudu, salka a kafaɗa, yana tafe yana tangaɗi. Fuskarsa ta yi fari fat, leɓɓansa sun tsage. Da ya iso bai dube ni ba. Ya ajiye salkar a gabana, ya kwance bakinta, ya juya mini baya ya zauna.

"Kaɗan-kaɗan," in ji shi. "Jiƙa baki tukuna."

Salkar cike take tam. Duk tafiyar nan bai buɗe ta ba. Na sha, na dakata, na ƙara sha. Da muryata ta dawo na ce, "Baba, ku ma ku sha." Na tura masa ita ta gefe, ni ma na juya baya. Haka muka zauna a gindin aduwar nan, kowa na kallon nasa dajin, salka na kai da komo tsakaninmu. Can ya yagi gefen rawaninsa ya miƙo ta baya, ya ce in naɗe ƙafa. Bai tambaye ni abin da ya raba ni da mota ba, har yau kuwa ina gode masa da wannan.

Sai bayan la'asar muka iso inda motar ke tsaye a kan fako. Direba ya buɗe baki zai fara, tsoho ya ce, "Tayar mu tafi." Abokina ya dawo baya kusa da ni, yana ba ni ruwa da gishiri da sukari, yana ba ni labari. Ashe na baya sun zaci na koma gaba, na gaba sun zaci ina baya. Tun da motar ta haye tsoho ya kasa zama. Ya ce wa direba, "Akwatin alluran nan yana nan kuwa?" Direba ya ce yana nan a ɗaure. Aka ɗan taɓa tafiya ya ce, "Mutanen baya sun cika?" Direba ya buga jikin mota ya tambaya, aka amsa masa lafiya lau. Aka yi ta tafiya, tsoho na goge gumi, yana gyara zama, yana waiwayen tamfol. Abokina ya ce shi ya ɗauka fitsari ne ya matse shi. Sai can ya daka tsawa ya ce a tsaya, ya sauka da kansa ya ɗaga tamfol, ya ga takalmina.

Direba ya rantse cewa in ya koma, dukanmu za mu kwana a daji, da jarirai. Tsoho bai yi musu ba. Abokina ya ce shi zai je, tsoho ya ce, "Kai ka san sawu? Zauna wurin yaran mutane." Ya kwance salka ɗaya ya juya da ƙafa. Direban kuma ba ƙarya ya yi ba. Muna hango gidajen Tanut inji ya yi shiru, da turi muka shigar da ita gari.

Yanzu ɗana yana aiki a wani biro a Damagaram. Kwanaki yake gaya mini an hana su fita kowa da motarsa, an ce su haɗa tafiya, wani taron ma a waya ake yinsa, saboda hayaƙin motoci na cikin abin da ke ɗumama duniya yana rikita damina. Yana faɗa yana tsammanin zan yi masa gardama irin ta tsofaffi. Na ce mun riga ku, mu dai dole ce ta sa mu. Kuma gaskiya tsarin ya yi aiki. Makiyayi ya ga likita da mai allura da na gandun daji rana ɗaya, da man mota ɗaya. Da aka buɗe iyaka kowa ya koma motarsa, ni ma har da ni a masu murna, ba na ɓoyewa. Amma wanda ya kwanta kusa da mushe yana jiran nasa ba ya raina maganar ruwan sama. In rage hayaƙi zai hana jikokina ganin shekara irin waccan, a cusa mu mota ɗaya, ni zan fara hawa.

Surukina bai sake kama sunana ba har Allah ya karɓi abinsa. Ni ma ban taɓa yi masa godiya baki da baki ba, ba a yi. Kunya abu ne mai kyau, ban yar da ita ba. Sai dai yanzu ni ma ina da surukai, kuma in biki ko ta'aziyya ta haɗa mu mota ɗaya, duk inda aka tsaya aka sauka, direba ba ya tayarwa sai na kira kowannensu da sunansa, da ƙarfi. Sukan sunkuyar da kai, matata ta ce na zubar da girma a gaban yara. Ni dai ba na jingina da kujera sai na ji kowa ya ce na'am.